Yadda Ake Ziyartar Kufan Maya a Meziko, a Kuma Yi Iyo a Rijiyoyin Senote

Chichen Itza, birnin da hotonsa ya fi yawo cikin duk kufan Maya, ma'anar sunansa ita ce "bakin rijiyar Itza". Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin tafiyar tun bai ɗaure jaka ba. Arewacin yankin Yukatan na ƙasar Meziko ba shi da kogin da ke gudana a sarari. Ƙasar shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ce mai ƙofofi kamar soso, ruwan sama na sauka ya tsiyaye, ya ci gaba da tafiyarsa ta ƙarƙashi. Inda rufin kogo ya rufta, nan ruwan yake leƙowa: rami mai bangon dutse, cike da ruwa garau. Mayawa, 'yan asalin yankin da suka gina waɗannan tsofaffin birane, suna ce masa ts'ono'ot, Sifaniyawa suka kasa faɗi suka ce cenote, mu kuma mu ce senote. Akwai dubbansu a yankin, kuma a bakinsu yawancin garuruwa suka kafu, kamar yadda ba a ba da labarin Daura a tsallake Kusugu.

Don haka tsarin da na ga ya fi shi ne: dutse da safe, ruwa da rana. Kufai ɗaya, senote ɗaya, a yini ɗaya. Duk wanda ya yi maka tallar kufai uku da senote huɗu kafin magariba, kujerar mota yake sayar maka.

Mataki na farko: takardu, tun kana gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma Meziko na da ofishin jakadanci a Abuja. Sai dai akwai sauƙi: wanda ke riƙe da bizar Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ta Shengen (ƙasashen Turai masu biza guda) mai shiga sau da yawa wadda ba ta ƙare ba, an yafe masa bizar yawon buɗe ido. Ka tabbatar da wannan daga ofishin kafin ka biya kuɗin jirgi, don dokokin shige da fice ba sa zama wuri ɗaya.

Abin da ya fi tuntsurar da mutane ma ba bizar Meziko ba ce, ta hanya ce. In jirginka zai ya da zango a Amurka, ko na awa biyu ne, sai da bizar Amurka. 'Yan Najeriya da Gana suna cikin jerin waɗanda ake nema wa bizar ratse ko da canjin jirgi kawai za su yi a filayen ƙasashen Shengen. Shi ya sa mutanenmu da yawa ke bi ta Istanbul, inda jirgin Turkish Airlines ke tashi zuwa birnin Meziko da Kankun, birnin bakin teku da ke yankin Yukatan. Ka buga tikitin dawowa da shaidar kama masauki a takarda, ana tambaya a bakin shiga. Jihar Kintana Ro, inda Kankun da Tulum suke, tana kuma karɓar harajin baƙi da ake kira Visitax, ta intanet ake biya.

Mataki na biyu: zaɓar lokaci

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi daɗi, ba ruwan sama sosai, zafin kuma da sauƙi. Afrilu da Mayu bazara ce ta gaske, a Merida, babban birnin jihar Yukatan, zafi kan kai digiri 40. Kada ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne. Zafinmu busasshe ne, nasu kuwa da laima yake zuwa, gumi ba ya bushewa, riga ta manne a baya tun ƙarfe tara. Daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba kakar guguwar teku ce, masauki yana araha, amma shiri na iya wargajewa cikin dare ɗaya.

Ka kauce wa Lahadi a manyan kufai, domin ran nan 'yan ƙasa ke shiga ba tare da biyan kuɗin gwamnatin tarayya ba, wuri ya cika maƙil. Haka kwanakin 20 da 21 ga Maris, ranakun da dare da rana ke daidaita: inuwa kan sauko ta gefen matakalar babbar dalar Chichen Itza kamar maciji, dubban mutane su yi dafifi don kallo. Abin kallo ne, amma in ka je ran nan ƙeyar mutane za ka fi gani. Inuwar tana fitowa 'yan kwanaki kafin ranar da bayanta.

Mataki na uku: inda za ka ajiye jaka

Nan ne mafi yawan baƙi suke kuskure. Su kama otal a bakin tekun Kankun, su sayi kujera a bas ɗin yawon yini ɗaya. Daga Kankun zuwa Chichen Itza kusan kilomita 200 ne. Kafin bas ya gama zagaye otal-otal yana kwasar mutane, a tsaya shagon tsaraba da ba wanda ya roƙa, sai a isa kufai rana na tsakar ka, tare da sauran bas-bas hamsin.

Ka kwana a Valladolid. Ƙaramin birni ne da Sifaniyawa suka kafa a 1543, tafiyar kamar awa biyu daga Kankun. Daga nan Chichen Itza kusan kilomita 45 ne ta yamma, Ek Balam ƙasa da 30 ta arewa, Coba kamar 60 ta kudu maso gabas. A tsakiyar garin kansa akwai senote, sunansa Zaci, da ƙafa ake zuwa daga dandali. Kwana uku ko huɗu a nan sun fi mako guda a bakin teku, in dai kufai ka zo gani.

Abin hawa iri uku ne. Akwai manyan bas na kamfanin ADO, masu sanyi, suna tashi kan lokaci. Akwai colectivo, wato ƙananan bas irin namu na tasha, sai ta cika take tashi, kuma ita ce mafi araha. Sai hayar mota, wadda ta fi 'yanci: in ka ɗauka, ka yi wa jikinta bidiyo kafin ka bar wurin, ka karanta sharaɗin inshora, ka kuma buɗe ido kan topes, tudun rage gudu da ke bakin kowane ƙauye, wasu ko fenti babu. Jirgin ƙasa na Tren Maya, da ya fara aiki a Disambar 2023, shi ma yana tsayawa Valladolid da Chichen Itza, sai dai tashoshinsa suna wajen gari.

Wani abu da ba a cika faɗa wa baƙo ba: agogon jihar Yukatan yana bayan na Kintana Ro da awa ɗaya. In ƙarfe takwas ne a Kankun ko Tulum, bakwai ne a Valladolid da Chichen Itza. Riƙe wannan, zai dawo.

Mataki na huɗu: abin da ke cikin jakar yini

Malafa ko hula mai faɗi, ruwan sha lita biyu, takalmin da ba ya santsi kuma ba ya tsoron ruwa, kayan iyo, ɗan tawul, ledar zuba jiƙaƙƙun kaya, da tsabar peso, ƙananan takardu. Yawancin senote na ƙauye jama'ar gari ne ke kula da su, ba na'urar kati, canji ma wahala yake. Tabarau na kallon ƙarƙashin ruwa ba dole ba ne, amma wanda ya je ba shi zai yi da-na-sani. Jirgi mara matuƙi da sandar kafa kyamara a bar su a masauki, ba a shiga da su kufai sai da izini na musamman.

Mataki na biyar: safiyar Chichen Itza

Ana buɗewa ƙarfe takwas. Ka kasance a layi kafin nan, da sanyin safiya ake kama fara. Tikitin kashi biyu ne, na hukumar kayan tarihi ta tarayya, INAH, da na gwamnatin jiha, kada ka ɗauka zambatarka aka yi. A bakin ƙofa akwai 'yan jagora masu kati a wuya. Ku yi ciniki kafin ku taka, ku daidaita kan kuɗi da tsawon lokaci. A wannan kufai dai jagora ya ci kuɗinsa.

Kana fitowa daga inuwar itatuwa za ka yi kiciɓis da dalar Kukulkan, abin bautarsu mai siffar maciji. Dalar ce Sifaniyawa suka sa wa El Castillo. Tsayinta har ɗakin da ke samanta kusan mita 30 ne. Fuska huɗu, kowace da matakala 91. A tara a samu 364, a ƙara dandamalin sama ya zama 365, kwanakin shekara. An hana hawanta kusan shekara ashirin ke nan, kuma lokaci zuwa lokaci akan samu mai taurin kai ya tsallake igiya, ya sauko ya tarar da tara da ihun jama'a.

Ka tsaya daidai gaban matakalar arewa, wadda ke da kawunan macizai biyu a gindinta, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Abin da zai dawo maka ba amon tafi ba ne, wani ɗan kuka ne siriri mai saukowa, "ciiu", kamar tsuntsu ya amsa daga cikin dutse. Suna cewa kukan tsuntsun ketsal ne, wanda Mayawa ke girmamawa. Ni da na ɗauka tatsuniyar 'yan jagora ce, sai da na tafa sau shida ina dariya ni kaɗai. Da sassafe kawai ake jin wannan da kyau, don zuwa sha ɗaya mutum ɗari ne ke tafawa lokaci guda.

Daga nan ka wuce filin ƙwallo, mafi girma da aka sani a duk yankin, tsawonsa mita 168. Zobban dutsen da ake neman zura ƙwallon danƙo a ciki suna can sama a bango, kimanin mita shida, kuma da ƙugu ake buga ƙwallon. Ka sunkuya ka duba sassaƙen da ke ƙasan bangon: ɗan wasa durƙushe ba kai, macizai na fita daga wuyansa a madadin jini. Ba wasan yara ba ne. Kusa da shi akwai dandamalin da aka sassaƙe da jerin ƙoƙunan kai. Can kudu kuma akwai El Caracol, gini mai zagaye da ake ganin ta tagoginsa suke bin tafiyar Zara, matar wata, tauraruwar da suka ƙididdige zagayenta da ban mamaki. Mutanen da ke lissafi da ashirin-ashirin ne, kuma suna da alamar sifiri tun kafin ta isa Turai.

Kada ka fita ba ka bi farar hanyar da ta yi arewa ba, kamar mita 300, zuwa Senote Mai Tsarki. Ita ce rijiyar da ta ba birnin suna. Faɗinta kusan mita 60, bango a tsaye, ruwan can ƙasa kore shar, ba motsi. Ba a iyo a nan. Hadaya ake jefawa ciki domin Chaak, abin bautarsu na ruwan sama. Wani Ba'amurke, Edward Thompson, ya yashe ta daga 1904, ya fito da zinariya, koren dutse mai daraja, turaren ƙaro da ƙasusuwan mutane, ciki har da na yara, kaya da yawa kuma suka ƙare a gidan tarihin Peabody na jami'ar Harvard. A 2015 masu bincike na jami'ar ƙasa ta Meziko suka sanar cewa ita kanta babbar dalar a kan wani kogon ruwa take zaune. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Hanyoyin cikin kufai cike suke da 'yan tireda, suna busa wani abu mai kukan damisa, suna kiran "dala ɗaya", wato ta Amurka. Dala ɗayan ta ɗan ƙaramin abin da ke gefe ce, ba ta abin da aka ɗaga maka ba. Wanda ya saba Kurmi ko Kwari ba sai an koya masa taya ba. Amma ka tuna yawancinsu Mayawa ne daga Piste da ƙauyukan kewaye, jikokin maginan. Mayawa ba su ɓace ba, sama da mutum dubu ɗari bakwai ne ke magana da harshen Maya na Yukatan a yau. Ka taya da mutunci.

Awa biyu da rabi zuwa uku sun isa. Kana fita, bas-bas na shigowa.

Mataki na shida: shiga ruwa

Senote mafi kusa shi ne Ik Kil, kamar kilomita uku daga ƙofa. Kyakkyawa ne ba ƙarya: ruwan yana ƙasa da doron ƙasa da mita 26, saiwoyi na reto daga baki har suna taɓa ruwa. Illarsa, nan duk bas-bas ke juye mutane da azahar. In ka isa kafin sha ɗaya da rabi, shiga. In ka makara, wuce, ka nufi Dzitnup kusa da Valladolid, inda Xkeken da Samula suke dab da juna, ko Oxman.

Senote iri uku ne: buɗaɗɗe kamar tafki, mai rabin rufi, da na cikin kogo ɗungurungum. Ga wanda bai taɓa shiga ba, buɗaɗɗe ya fi kwantar da hankali. Na kogo shi ne ba a mantawa. Ga yadda ake yi, bi da bi.

Ka biya, ka karɓi makullin akwatin ajiya, ka sa waya da fasfo ciki. Sai wanka a famfon da ke bakin shiga, kuma wankan gaske, ba yayyafi ba. Man shafawa, turare, man kare fata daga rana, maganin sauro, duk sai sun fita. Wannan ba iyayi ba ne. Ruwan da kake shirin shiga shi ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ya fito a rijiyar ƙauyen gaba, da shi suke sha suke girki. Mu da muka san darajar rijiya ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Karɓi rigar da ke hana nutsewa. A wurare da yawa dole ce, inda ba dole ba ma ka sa. Ka ja maɗauranta har ta kama ƙirji, ka ɗaure na tsakanin ƙafafu in tana da shi, in ba haka ba kana faɗawa za ta haura ta shaƙe ka a haɓa. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kududdufin bayan gari ya koya, inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Yawancin senote ba su da gefe mara zurfi da za ka tsaya ka huta. Daga matakalar ƙarshe sai zurfi, a Ik Kil ya kai mita 40. Ruwan daɗi ne kuma, ba ya ɗaga jiki kamar na teku. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Sauka a hankali, hannu ɗaya kan igiya ko ƙarfen dafawa. Matakalar jiƙe take kullum, kuma mafi yawan raunin da ake ji a senote a kanta ake jinsa, ba cikin ruwa ba. A Xkeken ta wata 'yar ƙofa ake shiga a sunkuye. Mataki goma na farko zafin waje yana bin ka a baya, sai ka ji iska ta canza, ta yi nauyi, da warin jiƙaƙƙen dutse. Ido ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya saba. Sai ga ɗaki kamar babban masallaci, tsinayen dutse na reto daga rufi, da rami guda a sama inda rana ke zubo haske kamar an kafa ginshiƙi cikin ruwa. Jemagu na shawagi can ƙurya.

Zauna a matakalar ƙarshe, sa ƙafa, jiƙa wuya da ƙirji. Sanyin ruwan kamar digiri 24 zuwa 25 ne rani da damina, amma ga jikin da ya sha rana awa uku, ji za ka yi kamar daga randa aka kwarfo. Ka ƙirga goma ka saki jiki. Za ka ga ƙananan tarwaɗa baƙaƙe suna kewaya ƙafarka, ba ruwansu da kai. A wasu wuraren akwai 'yan kifaye masu tsattsagar fata, cakulkuli ne kawai. Akwai igiyoyi da aka ja daga bango zuwa bango, ka bi su. Ka kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ka kalli sama. Hayaniyar duniya takan ɗauke ɗif.

Abubuwan da ba a yi: ba a taɓa tsinayen dutse, don ɗigo-ɗigo suka taru cikin dubban shekaru, maiƙon hannu kuma yana ɓata su. Ba a lilo da saiwoyi. Ba a shan ruwan komai haskensa. Ba a tsalle sai daga inda aka tanada, bayan ka leƙa ka ga ba kowa a ƙasa, kuma da ƙafa ake faɗawa. Wanda ke da buɗaɗɗen ciwo ya haƙura. In ka ga bakin kogo ya ci gaba ta ƙarƙashin ruwa, ba naka ba ne. Waɗannan hanyoyi suna da tsawon da hankali ba ya ɗauka: a 2018 aka gano cewa kogon Sac Actun da na Dos Ojos kusa da Tulum a haɗe suke, jimilla kilomita 347. Masu horo na musamman da tulun iska ne ke shiga, su ma da zare a hannu.

Ke kuma 'yar'uwa, kada maganar sutura ta hana ki. Kayan iyo masu rufe jiki duka, da hularsu, ana shiga da su ba mai ce miki uffan. Ki saya tun daga gida ko a Istanbul, don a can samunsu da wuya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne shiga da abaya ko zani: yadi in ya sha ruwa nauyi yake, ya kuma nannaɗe ƙafafu. In kina son wurin da ba idon jama'a, ki zaɓi ƙananan senote na ƙauye da zarar an buɗe, sau da yawa iyalinku kaɗai za ku kasance. Yara kuwa, kowane da rigarsa daidai jikinsa, kuma kowane da babba guda da ba ya ɗauke ido daga kansa.

Minti arba'in zuwa awa ɗaya ya wadatar. In ka fito ka sake wanka, ka karkata kai ruwa ya fita daga kunne, ka tsane shi da kyau.

Mataki na bakwai: sauran kwanakin

Ek Balam ne na fi so, ko da yake bai kai Chichen Itza suna ba. Mutane kaɗan ne, kuma lokacin da na je ana barin hawa babban gininsa, mai tsayin mita 30 da 'yan kai. A tsakiyar hawan, ƙarƙashin rumfar ciyawa, akwai ƙofar kabarin sarki Ukit Kan Lek Tok', an yi ta kamar bakin dodo mai haƙora, kewaye da mutum-mutumi masu fukafukai, aikin farar ƙasa da ya tsira don an binne shi ƙarnuka. Daga sama daji ne shimfiɗe ko'ina, ba tudu ko ɗaya. Hawa ba wuya, saukowa ce aiki: ka juya gefe, ka sauko a karkace, ba kunya ba ce ka haɗa da zama. Senoten X'canche yana nan kusa, kilomita ɗaya da rabi, da ƙafa ko da keke.

Coba a cikin kurmi take, a warwatse, don haka ka hayi keke a ciki, ko ka hau mai ƙafa uku a tuƙa ka. Dalarta, Nohoch Mul, mita 42 ce. Daga nan wata farar hanya da Mayawa suka ɗaga da dutse ta miƙe kilomita 100 har Yaxuna. A kan hanya za ka ga wata bishiya da za ka rantse ka santa, kuma ka santa ɗin: rimi ne. Su suna ce masa ya'axche', a wurinsu shi ne ke haɗa sama da ƙasa da lahira, saiwarsa na sauka cikin ruwan ƙarƙashi. Mu ma dai ba mu rasa abin da muke faɗi game da gindin rimi ba. 'Yan kilomitoci daga kufan akwai senote uku na cikin kogo: Choo-Ha mara zurfi sosai, wanda ya dace da yara, Tamcach-Ha mai dandamalin tsalle, da Multum-Ha.

Tulum ƙaramin kufai ne mai ganuwa ta fuska uku, ta huɗun kuwa gaɓar dutse ce a kan tekun Karebiyan. Jiragen Sifaniyawa sun hango shi a 1518 da mutane a ciki. Hoto yana kyau, inuwa babu, tsada kuma ta yi yawa. Awa ɗaya da rabi, sai ka wuce Gran Cenote ko Dos Ojos.

In kana da ƙarin kwana biyu, ka koma Merida ka je Uxmal, kilomita 80 kudu da ita. Gininta ya fi na ko'ina ƙawa, amma yankin tuddai ne, ba senote. Ramuka suka haƙa suka shafe cikinsu suna tara ruwan damina, suna kiransu chultun. Shi ya sa duk bangon da ka duba fuskar Chaak ce mai dogon hanci, an jera ta ɗaruruwa. Wanda ya taɓa jiran ruwan shuka zai gane. Ruwan iyo na wannan ɓangaren yana Homun da Cuzama, inda senote suka yi jerin gwano a gefen ramin Chicxulub, wurin da dutse daga sama ya faɗo shekara miliyan 66 da suka wuce.

Mataki na takwas: ciki da sallah

Girkin Yukatan naman alade ya yi masa yawa. Cochinita pibil da poc chuc duk shi ne. Wanda ya fi ɓuya shi ne kitsensa, manteca, da ake sa wa wake da tamales, wani abincin masara da ake dafawa a naɗe cikin ganye. Na taɓa cin rabin farantin wake a wani ɗan gidan abinci ina yabawa, kafin na yi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Ka haddace biyu: "sin puerco" da "sin manteca", wato ban da alade, ban da kitsensa. Mafi kwanciyar hankali shi ne kifi, musamman gasasshen tikin xic, da papadzules na ƙwai da miyar 'ya'yan kabewa mai ɗanɗanon agushi, da kayan marmari. Barkononsu habanero ɗan'uwan attaruhu ne, amma ka fara da kaɗan.

In ka ga jan abin sha a tulun gilashi an rubuta jamaica, zoɓo ne, ba wani abu ba. Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano, don haka ba mamaki na gida kake sha. Ruwan famfo kuwa ba a sha, sai na gora.

Da wuya ka ga masallaci a waɗannan garuruwa. Alƙibla daga Yukatan arewa maso gabas take. Ka tafi da 'yar darduma mara nauyi, kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru. Kusan kowane senote yana da rumfar hutawa da famfo, in ka fito daga ruwa ka yi alwala ka sami gefe, ba mai damun ka.

Ranar komawa

Kada ka shiga senote da safiyar ranar tashi, jiƙaƙƙen kaya a laimar Yukatan ba ya bushewa cikin awa uku, haka za ka iso gida da jaka mai tsami. Sannan ka dawo kan maganar agogo. In jirginka zai tashi daga Kankun ƙarfe huɗu na yamma, huɗun Kankun ake nufi, wato uku a agogon Valladolid. Ka cire awa uku na filin jirgi, ka cire biyu da rabi na hanya: ƙarfe tara da rabi na safe, a agogon bangon masaukinka, ya same ka cikin mota.